Farin San da Ɗalha Ya Hango Daga Sama

A Gwandu in ka ce Ɗalha, sai a tambaye ka wanne. In ka ce mai bakin nan, to an gane. Tun da aka yaye shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ya taɓa gyaran rediyo, rediyon mutane suka koma ba sa magana sai an mare su. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka kwashe ƙwansu suka koma kwana a maƙwabta. Duk da haka hularsa kullum a karkace take, in yana tafiya kuwa sai ka rantse shi ya shimfiɗa wa garin kwalta. Ni dai ban taɓa ganin wanda cika baki ya yi wa kyau ba, amma na Ɗalha ko tausayi ba ya bayarwa.

Abu ɗaya ne ke sa shi rage murya, wato Amatullahi, 'yar Alhaji Atiku mai shinkafa a Kalgo. Ya daɗe yana nemanta, ita ma ba ta ƙi ba, don yana ba ta dariya. Uban ne ƙashin wuyan. Alhaji Atiku mutum ne mai tsare gida, katangarsa ta fi ta kowa tsawo, ko ƙanensa ba ya wuce zaure sai an yi masa iso. Ɗalha kuwa iyakarsa dakalin ƙofar gida. Daga tasha yake miƙowa ya zauna a kai, daga kai yake miƙewa ya koma tasha.

Ranar da ya samu ya gaida Alhaji, dattijon ya dube shi daga hula har takalmi.

"Mi kaka yi na sana'a?"

"Harkokin zamani, Baba."

"To. Zan sa a bincika mani halinka. Magabatanka su zo bayan sallar Juma'a su ji amsa."

Ɗalha ya koma Gwandu da sanin cewa kafin Juma'a lallai ne ya samu sana'ar da labarinta zai riga shi isa Kalgo.

Ana cikin haka wansa da ke Legas ya aiko masa da wata tsohuwar waya mai faɗin fuska. Yana ta latse-latse ya faɗa cikin manhajar taswira, ya buɗe wurin da ake neman bayani a kan abubuwan da take iya yi. Ya ga an ce tana zana wa mutum hanya, tana dasa alama a wuri, tana kuma nuna gari daga sama da hoton tauraron ɗan Adam. Akwai sauran bayani a ƙasa, amma Ɗalha ba ya karanta abu har ƙarshe, don a ganinsa wannan aikin marasa ƙwaƙwalwa ne. Ya rufe, ya gyara hula, ya nufi teburin Lawal mai shayi.

"Kowa shi matso," in ji shi. "Daga yau ba abin da ka ɓoye mani a ƙasar Gwandu."

Aka matso. Ya nuna masu masallaci daga sama, aka yi salati. Ya nuna masu kasuwa, aka yi kabbara. Sai ya ja yatsa ya buɗa hoton.

"Lawal, ga gidanka. Ga rumbu, ga turken awaki. Ga wata aba nan kusa ga turmi, ina jin mai ɗakinka ta."

Lawal ya tsaya da buta a sama, shayi na zuba a ƙasa. "Yanzu-yanzu kaka ganinta?"

"Yanzu haka. Ko atishawa ta yi sai na gani."

Wayar ba ta ce haka ba, Ɗalha ne ya ce. Amma tun da ya ga yadda idanun mutane suka firfito, sai shi ma ya yarda da maganarsa.

Kafin azahar labari ya game unguwa. Duk gidan da ka bi sai ka ji ana jan zana da tsofaffin buhuna, ana rufe saman makewayi. Wani ya hana matansa shanya. Wani ya ce daga yau a ɗaki za a riƙa daka. Ɗalha na zaune yana karkaɗa ƙafa sai ga Goggo Huseina, maƙwabciyarsu, da muciya a hannu.

"Kai ne marar kunyar da ka leƙen mutane ta sama?"

"Goggo, kimiyya ce."

"Kimiyyar banza! Tun da sahe ban shiga makewayi ba saboda kai."

"Haba Goggo, ni ko duba naki gidan ban yi ba."

"Don mi? Nawa bai kai a duba ba?"

Da ƙyar Lawal ya ƙwace muciyar, bayan ta riga ta sauka sau ɗaya a kafaɗar mai kimiyya.

Washegari Allah ya kawo wa Ɗalha abin da yake nema. Baffa Sambo, wani manomi mai sanyin hali, ya wayi gari ba farin sansa a turke. Ga ruwa ya sauka, kowa na huɗa, garma kuma ba ta jawuwa da sa ɗaya. Ya zo teburin shayi idonsa jawur, ya tsuguna gaban yaron da ya haifi kamarsa.

"Ɗalha, an ce kana gani daga bisa. Taimake ni."

Ɗalha ya ji kansa ya ƙara girma. Ga sana'a ta zo har gida: mai gano shanun sata ta tauraron ɗan Adam. Wane uba ne zai hana irin wannan 'ya?

"Baffa, ɗauka awa sanka na turke. Ɓarawon ma na ji tausayinai."

Ya duba, ya duba, sai ya buga cinya. Ga wani farin abu a bayan wani gida a Kambaza. Aka kira Rilwanu mai kabu-kabu, su uku suka hau babur ɗaya. Da suka isa sai suka tarar da farin tankin ruwa, mai gidan na tsaye a gefensa yana tambayar ko lafiya.

"Sun ji muna zuwa, sun sauya shi da tanki," in ji Ɗalha. "Ɓarayin ga ƙwararru ne."

A nan wani mai faci ya ce shi dai da asuba ya ga wata a-kori-kura ta bi yamma da wani abu fari a baya. Ɗalha ya ja taswira yamma, ya yi ta ja har Kalgo. Can cikin gidaje ya hango wata tsakar gida mai faɗi, da babbar dalbejiya, a gindinta kuma ga wani dogon farin abu har da inuwar tozo. Wannan karon kam sa ne, ko makaho ya shafa zai ce sa ne. Baffa Sambo ya leƙa, hawaye suka zubo masa.

"Shi ne! Wallahi haka yake kwanciya."

Ɗalha ya dasa jar alama a kan gidan, ya ce wa wayar ta zana hanya. Ta nuna masa hoton mota, da hoton babur, da hoton wani ɗan mutum. Ya latsa na mutumin, don layinsa ya fi gajarta.

"Ba na babur za ka latsa ba?" in ji Rilwanu.

"Kai babur ne? Ni dai mutum ne. Baffa ma mutum ne. Ja mu tahi, ko in buɗe gidanka yanzu kowa shi gani."

Rilwanu bai daɗe da aure ba. Nan take ya tada babur.

Shuɗin layi ya sauke su daga kwalta ya sa su burtali. Daga burtali ya sa su kunyoyin gonar wani, mai gonar ya biyo su da fartanya yana ambaton iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya kai su wata 'yar hanyar da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi. Ƙaya ta yage wa Baffa Sambo riga. Rilwanu na tuƙi yana karanta duk addu'ar da ya sani, Ɗalha kuwa na tsakiya, waya a sama, yana ta cewa, "Dama! A'a, hagu! Daman dai!"

Da suka doshi Kalgo sai layin ya miƙe ɗoɗar ta tsakiyar fadama. A waya wurin busasshe ne fes, har da sawun hanya. A ƙasa kuwa ruwa ne kwance da shinkafa.

"Ɗalha, ruwa ne fa," in ji Baffa Sambo.

"Baffa, tauraro na bisa, kai kana ƙasa. Wa ya hi gani?"

Babur ya shiga, ya yi tari, ya nutse har kujera. Babur ɗin da ya ɗauko su tun daga Gwandu, su suka ɗauke shi a ka. Ɗalha na gaba yana nuna hanya da hannu ɗaya sai ƙafarsa ta zurma, ya tafi da fuska cikin taɓo. Ya taso baƙi ƙirin, ba abin da ake gani sai fararen idanu da wayar da ya ɗaga sama. Hularsa kuwa ruwa ya tafi da ita, a karkace.

Da la'asar suka shigo Kalgo ta bayan gari, inda Ɗalha bai taɓa bi ba. Layin ya kai su wani lungu ya tsaya a gindin wata doguwar katanga, ba ƙofa ba taga. Jar alama ta hau kan shuɗin ɗigon da ke nuna inda suke.

"Mun iso," in ji Ɗalha. "Rilwanu, kahe babur."

Ya hau kan kujerar babur ya tsaya, ya gyara murya.

"Jama'ar Kalgo! Ku hito ku ga gidan ɓarawon shanu!"

Mutane ba su ɓata lokaci ba. Masu dawowa daga masallaci, masu tallan rake, masu zaman banza, duk suka cika lungun suna kallon wani dodon taɓo a kan babur. Ɗalha ya ga taro, bakinsa ya kwance. A ransa yana cewa yau labarinsa zai isa kunnen Alhaji Atiku tun kafin magariba.

"Ni ne mai gano shanu ta tauraron ɗan Adam, daga Gwandu! Gidan ga tun da sahe nike kallonai. Ba lungun da ban sani ba. Na san ɗakuna, na san turmi, na san inda mata ka shanya. Har wata mai jan zane da ka hitowa wanke-wanke, ita ma na ganta sarai!"

Mutane suka dubi juna. Wani dattijo ya ce a hankali, "Yaro, ka ko san gidan wa kaka hwaɗi?"

"Gidan ɓarawo! In namiji ne shi hito!"

"Ga ni," in ji wata murya daga bayansa.

Ɗalha ya san muryar. Ya waiwaya a firgice. Babur ya kife, shi da mai kimiyya suka zube tare. Alhaji Atiku na tsaye da carbi a hannu, ya zagayo daga ƙofar gida jin hayaniya.

"A ba shi ruwa shi wanke huska," in ji Alhaji. "Ina son in ga wanda ka kirana ɓarawo."

Aka miƙo buta. Ɗalha ya so ya ce a bar shi haka, taɓon bai dame shi ba, amma wani ya riga ya fara tuttula masa. Goshi ya fito, hanci ya fito, sai ga sauran.

"Ɗalha?"

Ɗalha ya durƙusa, ya cire takalmi ɗaya da ya rage masa. "Na'am, Baba. Ina wuni, Baba. Ya iyali?"

"Iyali kai za a tambaya, tunda tun da sahe kake kallonsu. Miƙo wayar."

Alhaji ya saka tabarau, ya daɗe yana duban hoton. Sai ya girgiza kai.

"Gidana ne kam. Ga dalbejiyar da na sare don saiwarta ta tsaga mani katanga. Wanga kuma san da na yi kiwo ne, na yanka shi walima da na dawo Makka. Sanda anka ɗauki hoton ga, ko Alhaji ban zama ba."

"Ƙwarai," in ji dattijon nan. "Ni anka ba ƙahwar baya."

Abin da ke rubuce ke nan a ƙasan bayanin da Ɗalha ya raina, cewa hotunan sama ba na yanzu ba ne, wasu sun shekara da shekaru. Baffa Sambo ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya yi kuka da hawaye a kan san da aka cinye tun kafin a haifi nasa.

Alhaji ya miƙa wayar. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Magana biyu ce, Ɗalha. In wayar ga tana nuna abin da ka gudana yanzu, to ka leƙa mani iyali, inda ƙanena ma ba ya shiga. In ba ta nunawa, to ka tara mani jama'a ka yi mani ƙazahin sata da ƙarya. Wacce ce?"

"Baba, wato... tana nunawa, amma ba sosai ba."

"Tana nunawa ke nan."

"A'a! Wato dishi-dishi, awa mutum ya tashi daga barci."

"Amma ka ga jan zane."

"Baba, jan zanen nan magana ce kawai. Ai ba mai jan zane a gidan."

Sai wata murya ta taso daga bayan katanga. Amatullahi ce, ta ji komai tun daga farko.

"Baba, Inna ce ta ɗaura jan zane yau. Ita ta yi wanke-wanken sahe."

Inna ita ce mahaifiyarta, uwargidan Alhaji. Lungun ya ɗauki salati. Wani ya fara tuɓe takalmi, wani ya tsuguna yana zaɓen dutse. Fuskar Alhaji ta sauya, carbin ya daina motsi a hannunsa.

A nan ne Ɗalha ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da yake.

"Ƙarya nike, Baba! Wallahi ƙarya nike! Ban ga kowa ba, ban ga zane ba, dacewa ce kawai!"

"Wa zai shaide ka?"

"Ga su nan! Rilwanu, don Allah hwaɗa ma Baba halina!"

Rilwanu ya dubi babur ɗinsa da ke kwance yana zubar da ruwan fadama. Ya gyara tsayuwa.

"Alhaji, ni shaida ne. Tun muna yara ban taɓa jin ya yi gaskiya da gangan ba. Ko sallama ya yi, sai mun leƙa mun tabbata shi ne."

"Ka ji ko, Baba? Baffa Sambo, kai ma sa baki!"

Baffa Sambo, mutumin da ba a taɓa jin ya aibata kowa ba, ya ɗago kai. "Alhaji, duk Gwandu ba maƙaryaci awa shi. Rediyo ya kashe muna, kaji ya kore, jiya kuma ya hana tsohuwa shiga makewayi. Sana'a kuwa ba ya da ita, sai wagga da ka gani."

"Allah shi saka da alheri, Baffa!" in ji Ɗalha, har da ajiyar zuciya. "Baba, ka dai ji da kunnenka. Ka yarda?"

"Na yarda," in ji Alhaji Atiku. "Ba ka leƙa gidana ba. Ku aje duwatsun."

Ɗalha ya washe baki, ya fara miƙewa.

"Kuma ka hutasshe ni. Da na ce zan aika Gwandu a bincika mani halinka, sai ga shi ka kawo shaidu biyu har gida, a kan babur. Ka ce ma magabatanka su yi zamansu ran Juma'a."

Ya juya ya tafi. Daga bayan katanga ba a ƙara jin muryar Amatullahi ba, ko dariyar nan da takan yi masa.

Ana watsewa wayar Rilwanu ta yi ƙara. Lawal mai shayi ne. Ya ce a gaya wa Baffa Sambo an ga sansa, igiya ya tsinke, ba wanda ya sace shi. Tun hantsi yake cikin gonar Ɗalha a bayan gari, ya kusa gamawa da ɗan geron da ya tsiro. Goggo Huseina ce ta gan shi, ta ce ba za ta kore shi ba, mai gonar ai yana gani daga sama.

Da ƙyar aka samu babur ya tashi. Baffa Sambo ya hau baya, Ɗalha ya ɗaga ƙafa zai hau.

"Ina za ka?" in ji Rilwanu. "Wanga babur ne. Kai kuwa mutum ne, kai ka hwaɗa. Latsa na mutumin."

Suka bar shi tsaye da takalmi ɗaya, wayar kuma ta ɗauke don caji ya ƙare. Ya bi jikin katangar yana ɗingishi, ya sha kwana, ya ƙara shan kwana. Sai ga zaure mai koren ƙyaure, ga dakalin da ya goge da zamansa, har da ɓawon gyaɗar da ya ci ranar da ya zo gaisuwa. Sai a lokacin ya gane gidan sarai. Ya tsaya yana kallon ƙyauren ko za a buɗe, ba a buɗe ba. Daga nan dai ya san hanyar tasha ba sai an zana masa ba.